Kufan Ƙusair Da Ɗan Kuɗin Da Ake Warewa Don Sanar Da Mutanen Gari

 Ga labarin wani kufai a ƙasar Masar, da abin da aka tono a cikinsa, da kuma yadda aka yi mutanen wurin suka san abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasarsu.

A bakin Bahar Maliya akwai wani gari ana ce da shi Ƙusair. Wajen mil 5 arewa da shi akwai tuddai na yashi da tsingaro, su ne Larabawa ke kira Ƙusair al-Ƙadim, watau tsohon Ƙusair. Wurin nan ya yi zamani biyu. A zamanin Rumawa sunansa Miyos Hormos, mafitar jiragen ruwa ce zuwa ƙasar Hindu. Wani marubucin Yunanawa, Istarabo, wanda ya yi zamani kusa da haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya ce jirage har 120 ke tashi daga nan zuwa Hindu. Kayan da suka sauko sai a ɗora wa raƙuma, a ratsa hamada kwana shida ko bakwai zuwa Ƙift a bakin Kogin Nilu. Cikin ƙarni na 3 na Miladiyya garin ya mutu, ya yi shekaru wajen dubu ba kowa. Sa'an nan a zamanin sarakunan Ayyubawa, dangin Salahuddini, Musulmi suka sake raya shi, ya zama tashar fatake da mahajjata masu ƙetarawa zuwa Hijaz.

Masu tonon kufai na Jami'ar Shikago ta Amurka, Donald Whitcomb da Janet Johnson, su suka fara haƙa wurin a 1978, suka koma a 1980 da 1982. A zuwansu na ƙarshe suka tarar da wani gida da ɗakunan ajiya, cikinsa kuwa guntayen takardu masu ɗimbin yawa rubuce da Larabci. Ƙasar wurin busasshiya ce ƙwarai, ruwan sama bai cika sauka ba, don haka takarda da tsumma da igiya suka yi shekara 700 da ɗoriya ba su ruɓe ba. Da aka harhaɗa guntayen aka karanta, sai ga sunan mai gidan, Shaihu Abu Mufarrij, da ɗansa Ibrahim, waɗanda suka yi zamani a farkon ƙarni na 7 na Hijira.

Duk wanda ya taɓa sauka gidan fatoma ya san irin aikin mutumin nan. Attajiran Ƙus da sauran garuruwan bakin Nilu suna aiko masa da kaya a kan raƙuma, kowane kaya da 'yar wasiƙarsa: ga alkama mudu kaza, ga gari, ga mai, ga tufafi, a karɓa a ajiye, a sayar ko a sa a jirgi. Wani yana neman a aiko masa da kuɗinsa, wani yana kukan kasuwa. Akwai lissafin bashi, akwai addu'o'i, akwai kuma layu waɗanda aka buga da hatimi sassaƙaƙƙe, tun shekaru 200 kafin Turawa su ƙago injin ɗab'i. Har mabuɗan katako aka samu ɓoye a bakin ƙofa, sai ka ce mai su ya fita ne da niyyar komowa. Littattafan tarihi sun cika da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma da wuya a sami inda ɗan kasuwa ya bar maganarsa da rubutun hannunsa kamar haka.

To, ina takardun suka tafi? Aka kai su Alƙahira aka adana. Wani malami mai suna Li Guo ya yi shekaru yana nazarinsu, ya fitar da littafi a kansu a 2004, da Turanci. Aiki ne mai kyau, amma masuncin Ƙusair ba ya karanta Turanci, ɗansa kuma ba shi da kuɗin littafin. Haka al'adar tonon kufai ta daɗe a Masar. Tun 1893 da Baturen Ingila Flinders Petrie ya koya wa mutanen Ƙift aikin tono, 'ya'yansu da jikokinsu suka zama su ne shugabannin leburori a kufai da yawa na ƙasar. Su ke riƙe da magirbi, su ke fara ganin abu ya ɓullo daga ƙasa, amma in an zo rubuta littafi sunan wani ke bisa bango. Baƙi su zo da sanyin hunturu, su haƙa, su kulle abin da suka samu a sito, su tafi. Mutanen gari kuwa sai jita-jita, wani ya ce zinariya ake kwasa.

Da Jami'ar Sawtamton ta Ingila ta ɗauki aikin daga 1999 zuwa 2003, ƙarƙashin David Peacock da Lucy Blue, sai aka sake shiri. Kuɗin aikin ya fito daga asusun sadaka na wani attajirin ƙasar Suwidin, Peder Wallenberg, aka kuma kafa wani reshe na dabam a hannun wata malama, Stephanie Moser, wanda aikinsa shi ne haɗa masu tono da mutanen Ƙusair. Masu tonon suka ci gaba da nasu, har suka sami wata takarda ta shekara ta 93 Miladiyya mai ɗauke da sunan Miyos Hormos, wadda ta ƙarfafa cewa lalle nan ne tashar da Istarabo ya faɗa. Suka kuma sami ƙwan jimina a wajen wata makabarta, an rubuce bayansa da Larabci.

Abin da reshen nan ya yi ba wani abu ne mai tsada ba. Ana rubuta bayanin abin da aka samu cikin magana mai sauƙi a raba a gari. Aka ɗauki 'yan gari aiki, aka koya musu, ba don ɗaukar kwandon ƙasa kaɗai ba, har da yin hira da jama'a da shirya nuni. Aka bi dattawa ana tambayarsu abin da suka ji daga iyayensu game da garin da tekunsa, ana rubutawa. Aka kawo 'yan makaranta su ga ramukan da idonsu. Aka shirya littattafan yara masu zane, labarin wata yarinya Salma da wani yaro Samir suna yawo cikin tsohon garin. Aka ɗauki hotunan kayan da aka tono, domin in an kulle na ainihi a sito, mutanen gari su sami abin dubawa. Aka kuma yi shawara da masu sana'a a kan kayan tsaraba da za a sayar wa baƙi, don ribar ta zauna a garin.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga Ƙusair. Tun da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 jirage suka daina bukatar a ratsa hamada da raƙuma, kasuwar garin ta faɗi. Daga baya haƙar ma'adinin taki ya riƙe mutane, shi ma ya ja da baya, sai aka koma dogara ga baƙi masu zuwa kallon teku. Garin da ke cikin wannan hali, in bai san darajar kufansa ba, ranar da mai gina masauki ya zo da kuɗi ba wanda zai ce masa tsaya.

A nan ne maganar ƙaramar gudummawa ta shigo. Tono yana cin kuɗi mai yawa: jirgin sama, abinci, albashi, gwaje-gwaje. Buga ɗan littafin yara, ko hayar motar da za ta kai ɗalibai, ko ladan mai fassara, ba su kai komai ba in an gwada da wancan. Amma da yake ba su ke jawo wa malamin jami'a ɗaukaka ba, su ake fara yankewa in kuɗi ya gaza. Saboda haka waɗansu ƙungiyoyi suka ware kuɗi na musamman dominsu. Ƙungiyar masu binciken kufai ta Amurka, wadda aka kafa a 1879, ta fara ba da gudummawar kiyaye kufai a 2007, tana fifita aikin da ya haɗa da koyar da maƙwabtan wurin. Cikin waɗanda suka samu har da Ummul Jimal, wani tsohon gari na baƙin dutse a arewacin Jodan, inda aka shirya darussa don makarantu. A 2024 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai kada mai karatu ya zaci abin ba shi da aibi. Gudummawa irin wannan ta shekara ɗaya ce ko biyu, kamar ruwan kashe ƙura. In ta ƙare, littafin da aka buga ya yage ba a sake bugawa, saurayin da aka koya wa aiki ya tafi neman abinci wani wuri. Har wa yau, mai neman ta sai ya cika takardu da Turanci, ya kawo lissafi irin wanda masu bayarwa suka saba da shi, don haka sau da yawa baƙon ne ke nema a madadin 'yan gari, shi ke riƙe da jakar, shi ke zaɓen abin da za a koyar. Masu aikin Ƙusair sun gane wannan, shi ya sa suka dage a kan cewa mutanen gari su sami hannu a shawara tun daga farko, kada a gama shiri sannan a kira su kallo.

Ga malamai kuma akwai wata magana. Takardun gidan Abu Mufarrij rubutun 'yan kasuwa ne, na gaggawa, sau da yawa ba ɗigo ba wasali, ga sunayen awo da na kaya waɗanda an daina faɗi. Mai digiri yakan yi kwanaki a kan layi guda. Dattijon da ya tashi a bakin tekun nan, ya san sunan kowace igiya ta jirgi da kowane irin buhu, yana da abin da zai ƙara wa mai karatun, in an tambaye shi. Kuɗin zama da shi a ji ta bakinsa bai wuce na shayi da takarda da ladan wanda zai rubuta ba.