Iyakar Laima: Abin Da Manomi Zai Duba Kafin Shuka

Ko wace shekara idan ruwan fari ya sauka a watan Mayu, sai a ga manoman Gusau da Tsafe da Bungudu sun fita da sungumi da ƙoƙon iri. Waɗansu su dace, waɗansu kuwa bayan mako biyu tsironsu ya ƙone, su koma kasuwa sayen iri da tsada. Abin da ya raba su yana nan ɓoye a ƙarƙashin ƙasa.

In aka haƙa rami bayan ruwa ya ɗauke, za a tarar ƙasar sama ta yi duhu, ta ƙarƙashi kuwa busasshiya ce. Tsakaninsu akwai iyaka kamar an ja layi. Iyakan nan ba a tsaye take ba, tana ta nutsawa muddin ruwa yana shiga.

Masana suna kiran irin wannan abu matsalar iyaka mai tafiya. Wuyar lissafinta ita ce ruwa shi ke tura iyakar, iyakar kuma ita ke ƙayyade saurin shigar ruwan, tilas a nemo su tare. A shekarar 1889 wani masani na ƙasar Ostiriya, Josef Stefan, ya lissafta yadda ƙanƙara take ƙara kauri a kan teku. Irin lissafin nan ake yi wa narkakken ƙarfe sa'ad da yake daskarewa a wurin zubi. A 1911 kuma Green da Ampt na Ostireliya suka fitar da na shigar ruwa cikin ƙasa.

Ga abin da manomi zai amfana da shi. Na fari, iyakar laima tana fara tafiya da sauri, sa'an nan ta rage. A farkon jiƙa, kafin zurfinta ya ninka biyu sai lokaci ya ninka wajen huɗu. Don haka ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a yakan kwarare zuwa Gulbin Sakkwato, alhali kuwa yayyafin dare guda ya shige ƙasa.

Na biyu, ƙasa iri iri ce. Ruwan inci 1 yakan jiƙa busasshiyar jigawa wajen inci 10, amma a laka da ƙyar ya wuce inci 4, domin laka tana riƙe ruwa da yawa kafin ta sake shi ƙasa.

Na uku, da rana ta fito sai wata iyaka ta biyo baya daga sama, watau ta bushewa. Iri yana rayuwa ne tsakanin iyakokin nan biyu. In tsakaninsu ba yawa, kwana kaɗan rana ta cinye.

Saboda haka gani ya kori ji. Kashegarin ruwa manomi ya haƙa wuri uku a gonarsa, tudu da tsakiya da gangare. In laima ba ta kai inci 8 ko 10 ba, ya dakata da iri mai tsada kamar gyaɗa da masara. Masu gonaki a gindin duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi su yi kunya a gicciye, su zuba takin gida, don ruwa ya sami zama har ya nutse.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.