Bazara ta shigo: ko yaranmu sun san alamominta?

Idan aka ce bazara, yawancinmu zafi kawai muke tunawa. A Tamale, Bolga da Navrongo, watan Maris ya fi kowane wata ƙuna. Ma'aunin zafi yakan haura 40, mutane su koma kwana a tsakar gida, kowa na fifita yana duban gabas. Amma tsakanin tafiyar hunturu da saukar damina akwai abubuwan al'ajabi da ke faruwa a ƙofar gidajenmu, mu kuwa sai mu wuce ko kallo babu.

Mu fara da ɗorawa. Tun ba a ga ɗigon ruwa ba take fitar da jajayen furanni, dunƙule kamar ƙwallo, suna reto a jikin dogon sili. Da dare jemagu ke zuwa shan zaƙinsu, kuma ta haka suke ɗaukar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan har ta yi 'ya'ya. Zuwa Afrilu 'ya'yan sun nuna. Yara su sha garin nan mai ruwan ɗorawa, iyaye mata su dafa kalwa su yi daddawa. Wato miyar da muke ci, da hannun jemage a ciki.

Wanda ke Nima ko Mamobi ma ba a bar shi a baya ba. Je ka wajen asibitin sojoji na 37 a Accra dab da magariba, ka ga yadda jemagu ke tashi daga bishiyoyi su rufe sama. Da rani suka fi yawa. Ruwa na kankama sai su ragu, domin da yawansu arewa suke nufa neman 'ya'yan itace.

Sai ranar ruwan farko. Ƙamshin nan da ke tashi daga ƙasa, wanda har yakan sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasar ya ci, yana da dalili. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne a cikin ƙasa suke samar da sinadarin, ya taru tsawon rani, ɗigon ruwa ya watso shi cikin iska. Bayan ruwa mai ƙarfi kuma shinge ya fito ya yanyame fitila. Gara ce mai fukafuki, kuma tashi ɗaya take yi a rayuwarta: ta sauka, ta zubar da fukafukan, mace da namiji su haƙa rami su kafa sabon gida. Mafi yawa ba sa kaiwa, domin kaji da ƙadangaru da kwaɗi sun sami walima.

Babbar baƙuwa ita ce shamuwa, baƙa mai farin ciki. Watannin da ba mu ganinta tana can kudancin Afirka, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, inda ake damina a lokacin. Ruwa take bi, saboda fara da tsutsa ne abincinta. Shi ya sa in tsofaffi suka gan ta a kan rimi ko tsamiya, sai su ce a gyara fartanya. Duk da haka ba su gaggawar shuka da ruwan farko, sai ƙasa ta jiƙu sosai, don kada iri ya ƙone.

To ina matsalar take? A aji, yaro zai lissafo maka lokutan shekara huɗu na ƙasar Turai, har da narkewar ƙanƙarar da bai taɓa gani ba. Ka ce ya bambanta kaɗanya da ɗorawa, sai ya tsaya sosa ƙeya. Sunayen Hausar ma suna sulalewa daga bakin yaran Zango. Abin da mutum bai san sunansa ba kuwa, ba zai ji zafin rasa shi ba. Kaɗanya takan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma cikin wuni ɗaya mai gawayi zai kwantar da ita. Ita ce kuma mata da yawa a arewa ke sammakon tsintar 'ya'yanta daga watan Mayu, su yi man kaɗe su biya kuɗin makaranta. Sunan Tamale kansa daga sunan 'ya'yan kaɗanya ya samo asali a harshen Dagbani.

Maganin bai buƙatar ko sidi ɗaya. Iyaye da 'yan'uwana malamai, a makon nan bayan la'asar ku kama hannun yaro ku zaga unguwa. Ku nuna masa bishiya uku, ku faɗa masa sunayensu da Hausa. Ku ba shi ɗan littafi ya rubuta ranar ruwan farko, da ranar fitowar shinge, da ranar da ya fara ganin shamuwa. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, ya buɗe ya gwada da abin da ya gani. Gani ya kori ji.