Baƙi, Zango da Aikin Yi a Ghana: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

A Ghana, maganar baƙi takan taso ne duk lokacin da kuɗin cedi ya faɗi, kaya suka yi tsada, matasa suka rasa abin yi. A irin wannan lokaci ake jin cewa baƙi sun mamaye ƙasa, sun ƙwace kasuwa, kuma da za a sallame su da kowa ya samu aiki. Ko a watan Yulin 2025 an ga masu zanga-zanga a Accra ɗauke da kwalaye suna neman 'yan Najeriya su tattara nasu ya nasu su tafi. Su ma baƙin suna da zantuttukan da suke yaɗawa a tsakaninsu, waɗanda ba duka ne daidai ba. Waɗanda hayaniyar ta fi cutarwa kuwa su ne mazauna zango, alhali da yawansu ba baƙi ba ne ko kaɗan.

Batun yawa shi ya fi sauƙin warwarewa. A ƙidayar 1960, mutanen da asalinsu na waje ne sun kai kusan kashi 12 cikin 100 na al'ummar ƙasar. A ƙidayar 2021, wadda ta nuna mutum miliyan 30.8, waɗanda ba 'yan ƙasa ba ba su kai 300,000 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin 100. Gaskiya ne ƙidaya ba ta kama kowa, domin iyakoki a buɗe suke, kuma wani baƙon yakan ji tsoron bayyana kansa. Amma ko an ninka adadin sau uku, kasonsu cikin al'umma bai kama ƙafar na 1960 ba. Abin da ke sa a ga kamar baƙi sun cika gari shi ne taruwarsu a wurare ƙalilan da ido ke kai: kasuwar wayoyi ta Circle da ta kayan gyaran mota ta Abossey Okai a Accra, da Suame Magazine a Kumasi.

Zancen da ya fi ciwo shi ne wai duk ɗan zango baƙo ne. Wannan ƙarya ce, tarihi da doka duk sun ƙaryata ta. Tun kafin Turawa su shata iyaka, fataken Hausa suke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu Salaga, suna komowa da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Cikinsu har da Alhaji Umaru Salaga, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934. Wasu kuma aikin soja ne ya kawo su, tun yaƙin da Ingila ta yi da Ashanti a 1873 zuwa 1874. Iyalan da suka zauna tun wancan zamani sun girmi ita kanta Ghana, wadda ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a Accra aka haife shi a 1919. Sa'an nan zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Fulani, Yarabawa, da Dagomba da sauran mutanen arewacin Ghana, Hausa ce kawai ta zama harshen da ya haɗa su. Gwamnati da kanta ta kafa asusun raya zango da doka a 2017.

Doka ba ta duba ƙabila. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta ce wanda aka haifa a Ghana kafin ranar 'yanci ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a ƙasar aka haife shi. Tsarin mulkin 1992 kuma ya ba da wannan matsayi ga duk wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. A nan ne kuma wasu baƙi suke kuskure, suna zaton haihuwa a Ghana kaɗai ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Ɗan da iyayensa biyu suka zo daga Maraɗi ko Sakkwato shekaru kaɗan da suka wuce ba ya zama ɗan ƙasa don an yanke cibiyarsa a unguwar Nima ta Accra, sai ta hanyar rajista ko neman izini. Matsalar da ta rage ta takarda ce: tsofaffin iyalai da yawa ba su yi rajistar haihuwa ba, sai jikan jikan ɗan Salaga ya je neman katin ƙasa ko fasfo, a ji sunansa Musa ko Abdullahi, a shiga tambayarsa ainihin garinsu. Wannan tambaya ba ta da tushe a doka, kuma rashin adalci ce.

A fagen kasuwa kuwa, 'yan Ghana masu ƙorafi suna da hujja. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa, talla, ƙaramin kiyos, aski da gyaran gashi, da ruwan leda. Baƙon da ke son harkar saye da sayarwa, dokar ta ɗora masa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan Ghana ashirin aiki. Haka ma ƙaramar haƙar zinariya ta 'yan ƙasa ce kaɗai, kuma ba ƙage ba ne cewa baƙi sun kutsa cikin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, domin a 2013 an mayar da dubban 'yan China gida a kan haka. Saboda haka ɗan kasuwar da ke cewa fasfon ECOWAS ya ba shi damar buɗe shago ko'ina, rabin gaskiya ya faɗa. Yarjejeniyar 1979 ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90, ƙarin da aka yi a 1986 da 1990 ya ƙara da 'yancin zama da kafa sana'a, amma Ghana ba ta daidaita dokarta ta cikin gida da wannan alkawari ba. Daga wannan saɓani ne rikicin 2019 da 2020 ya fito, lokacin da 'yan ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA suka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya da kwaɗo. Najeriya ta yi kuka, sai dai ita ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocin 'yan Ghana suka yi watanni a tsaye.

Saura babbar magana, cewa korar baƙi na samar da aiki. Wannan ba sai an yi hasashe ba, domin an gwada har sau biyu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samo ta ko ya fita. Mutane sama da dubu ɗari suka kama hanya: Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, mutanen Togo, wasu ma ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Wasu 'yan ƙasa sun gaji shaguna, wannan gaskiya ne, amma ba su gaji dillalai da amanar bashi da tsofaffin masu shagon suka yi shekaru suna ginawa ba. Gonakin koko suka fi jin jiki. A tsarin abusa, ɗan ƙwadago ne ke share gona, ya tsinke koko, ya fasa, ya shanya, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin, kuma da yawan masu wannan aiki baƙi ne. Da suka tafi, matasan birni ba su ruga daji sun maye gurbinsu ba. A Disambar 1971 gwamnati ta karya darajar cedi, a Janairun 1972 Kanar Acheampong ya hamɓarar da ita.

Dalilin a fili yake. Aiki ba tuwo ba ne a kwano ɗaya, da za a ce in an rage hannu kowa zai ƙoshi. Baƙon da ya tafi ya tafi da kuɗin hayar da yake biya, da cinikin da yake yi wa mai abinci da mai mota, da yaran shagon da yake ɗauka. Gasa takan yi zafi a sana'a guda, musamman inda mai shigo da kaya yake kuma sayar da ɗai-ɗai a farashin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, amma wannan gyaran doka yake bukata.

Gwaji na biyu Najeriya ce ta yi shi. Da farashin man fetur ya faɗi, ga kuma tsoron da rikicin Maitatsine na 1980 ya bari, gwamnatin Shehu Shagari ta ba da sanarwa a Janairun 1983 cewa baƙi marasa takarda su fita cikin mako biyu. An ƙiyasta kusan mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, suka tarar da ƙasarsu cikin fari da gobarar daji da yunwa. Makarantu da dama a Najeriya sun rasa malamai, wuraren gini sun rasa magina. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, gwamnatin Buhari ta sake wata korar a 1985, kuma a 1986 ƙasar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda ya raba ɗimbin 'yan ƙasa da ayyukansu.