Launi Kira Ne, Ba Shaida Ba Ne

Jama'a, mu da muke sana'ar shanu ba sai an koya mana amfanin launi ba. Tun daga nesa, kafin garke ya iso kara, mun san farin nan Bunaji ne, jan nan mai dogayen ƙaho kuma Rahaji ne. Haka jar akuyar Maraɗi: launinta kaɗai ya isa ya gaya wa mai sayen fata abin da ke gabansa. To, abin da Allah Ya yi wa dabba kyauta, shi kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi su yi wa kansu.

Mu dubi kamfanonin wayar salula. MTN, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2001, ya riƙe ruwan ɗorawa, kuma da launin nan za ka same shi a Gana da Kamaru da Benin. Glo ya ɗauki kore. Airtel ja ne, ko a Kano ko a Damagaram ko a Njamena. Falken da bai yi boko ba, in ya sauka garin da bai san kowa ba, ba ya tambaya. Laima yake dubawa ya nufi mai sayar da kati. Wato launi yana magana da wanda ba ya karatu, kuma ba ya neman tafinta a kan iyaka.

Shi ya sa in kamfani ya canza hannu, fenti ake fara canzawa. Celtel ya koma Zain a 2008, Zain ya koma Airtel a 2010, kowane karo sai da aka sake shafe shaguna da alluna. Haka a Nijar, bayan Orange ya sayar da reshensa a 2019, suna ya koma Zamani, alama ma ta canza.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Launi ba shi da wuyar kwaikwayo, kuma wurin da wannan ya fi shafarmu shi ne maganin dabbobi. Da yawanmu in za mu sayi maganin sammore ba ma faɗin suna, sai mu ce a ba mu mai ruwan ɗorawa ko a ba mu ja, don garin Berenil ruwan ɗorawa ne, na Samorin kuma ja ne mai duhu. Masu jabu sun san haka. Sai su buga takarda mai kama da ta asali, su zuba gari mai launin, alhali ƙarfin maganin kaɗan ne ko babu sam. Ka yi wa sa allura ka loda shi a tirela, ya rame a hanya ko ya faɗi kafin Legas. Abin da ya fi muni, magani marar ƙarfi yana sa ƙwayar cutar ta saba da shi, har na gaskiyan ya daina kama ta.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa da mu yi wa magani abin da muke yi wa sa. Ba wanda ke biyan kuɗi don farin gashi kawai. Sai ya buɗe baki ya ƙirga haƙora, ya taɓa tozo, ya duba kofato. To a duba sunan kamfani harafi-harafi, da ranar lalacewar magani, da lambar rukuni, in kayan Nijeriya ne kuma da lambar NAFDAC. Wanda ba ya karatu ya ba yaronsa ya karanta masa, ba abin kunya ba ne. A sayi magani wurin likitan dabbobi ko shagon da aka sani, a ajiye takardar bayan allura. In araha ta yi yawa, a tuna araha ba ta ado.

Launi ya kira ka zuwa shago, amma kada ka bar shi ya ciro maka kuɗi daga aljihu. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.