“Gyara Kaɗan Ne”: Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Hannu a Maiduguri

A wajen masu sayar da motocin hannu babu maganar da ta fi yawo a baki kamar “gyara kaɗan ne”. Ka tambayi dalilin da ya sa wata mota ta fi 'yan'uwanta araha, sai dillali ya dafa ta ya ce, “Alhaji, gyara kaɗan ne, da ka taɓa ta shi ke nan.” Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokacin kuma shi kansa bai san zurfin ramin da yake nuna maka ba, domin shi ma a hannun wani ya karɓo ta.

Ba kwaɗayi ne ke kai mutane wajen irin waɗannan motoci ba, hali ne. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, abin da ya taɓa cinikin 'yan Kwatano da Arewa ta daɗe tana dogaro da shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, wata guda bai cika ba aka saki naira a kasuwa. Dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, alhali da dala ake sayo mota, da ita ake ƙiyasta kuɗin kwastam, da ita kuma ake sayo kayan gyara. Baljiyam, wato motar hannu da ake shigowa da ita daga waje, ta fi ƙarfin mai albashi. A Maiduguri akwai ƙari a kan wannan: tun 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, saboda haka magidancin da a Kano ko Zariya zai lallaɓa da babur ɗinsa, a nan zaɓinsa Keke Napep ne ko mota. Wanda ke da 'ya'ya huɗu a makarantu biyu ya san abin da keke ke ci masa a wata.

Ni ban ga laifin sayen motar da ke buƙatar gyara ba. Abin da nake jin tsoro shi ne gyaran da ba shi da suna. Idan aka ce maka birki ya ƙare, ko shokazoba ta mutu, ko lagireto na yoyo, ko kuloci ya cinye, wannan ciwo ne da aka san maganinsa. Za ka iya zuwa shagon kayan gyara ka ji kuɗinsa yau, ka ji ladan bakanike, ka cire daga kuɗin motar. Amma idan aka ce “wani lokacin takan mutu da kanta”, ko “ɗan wayarin ne kawai”, ko “giyar tana ɗan jinkiri idan ta yi zafi”, to ba a gaya maka ciwon ba, alamarsa aka gaya maka. Wanda ya biya kuɗi a kan alama ya yi cinikin biri a sama.

A garin nan kuwa babban ciwon da ba a faɗar sunansa shi ne ruwa. Daren da aka wayi gari 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon da gari ya ga irin wannan tun 1994. An yi maganar rayuka da gidaje da dukiyar 'yan kasuwa, kuma su ne suka cancanci a fara magana a kansu. Amma duk wanda ya zagaya bayan ruwan ya janye ya ga motoci jibge a gefen titi da cikin gidaje, laka har saman gilashi. Waɗannan motoci ba su ɓace ba. An wanke su, an shanya kujeru, an canja baƙin mai, da yawansu sun tashi, wasu kuma sun shiga kasuwa.

Watanni bayan ambaliyar na raka wani abokina, malamin makaranta, duba wata Corolla. Fenti na ƙyalli, injin na kaɗawa lafiya lau, cikinta kuwa ƙamshin turaren wuta kamar ɗakin amarya. Mu mutanen Maiduguri ba baƙin turare ba ne, don haka ban kawo komai a raina ba. Bakaniken da muka tafi da shi, wani dattijo mai ƙarancin magana, bai ko buɗe injin ba da farko. Ya zauna a kujerar baya, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. Can wajen gindin bel ɗin, inda mai wanki ba ya kaiwa, sai ga wani layi ja-ja-ja na busasshiyar laka. Ya ɗaga gefen kafet ya cusa hannu, ya fito da yatsunsa da ɓurɓushin yashi. Ya leƙa ƙarƙashin kujerar direba ya nuna mana ƙusoshin da suka yi tsatsa, a garin da ƙarfe kan shekara goma bai yi tsatsa ba saboda bushewar iska. Sannan ya dubi abokina ya ce, “Malam, wannan ta yi wanka.” Mai motar ya ce ruwan iya taya ya tsaya. Dattijon ya sake nuna masa bel ɗin, bai ƙara ko kalma ba.

Dalilin da ya sa ruwa ya fi sauran lahani haɗari shi ne ba ya nuna aikinsa rana ɗaya. Idan ya shiga injin aka kuma yi gangancin tayar da motar, ɓarnar nan take ce: fistin yana iya matse iska da fetur, amma ruwa ba ya matsuwa, sai sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe ko ta karye. Wannan aƙalla a fili yake. Na ɓoye shi ne na wayoyi. Motar zamani tana da ɗaruruwan mahaɗar waya, kowace da 'yan ƙananan haƙoran ƙarfe. Ruwa mai laka ya shiga ya fita, ya bar danshi da datti, sai haƙoran su riƙa cin kansu a hankali, su yi kore-kore. Bayan wata uku gilashi ya ƙi sauka. Bayan wata biyar mota ta mutu a tsakiyar titi, ta tashi da kanta bayan minti goma. Mai wayarin ya gyara nan, can ya ɓalle. A motoci da yawa na'urar da ke ba jakar iska umarnin fashewa lokacin haɗari a ƙasa take, tsakanin kujerun gaba, wato tana cikin abubuwan da ruwa ke fara cimma. Giya mai canja kanta ita ma ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, domin yana ɓamɓare fatar da ke jikin faifan kulocin cikinta, sai ta yi 'yan makonni tana aiki kafin ta fara zamewa.

Kada a ɗauka motar da ta sauko daga jirgin ruwa a Legas ta tsira daga wannan. A Amurka, bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017, kamfanonin inshora sun biya masu motoci, suka tura motocin kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAA. Daga irin waɗannan kasuwanni ne ake sayo da yawa daga cikin motocin da ke zuwa Afirka ta Yamma, masu haɗari da masu ruwa. Sauƙin abin shi ne kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba. Idan motar daga Amurka ta fito, sanya lambar nan a intanet kan fito da tarihinta, wani lokaci har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Motar da ta sha ruwan Alau kuwa babu inda aka rubuta. Shaidarta tana ƙarƙashin kafet, da ramin safayar taya, da cikin fitilun da suka yi gumi.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowace motar da ruwa ya taɓa ce ta mutu ba. Wadda ruwan bai wuce ƙasan ƙofa ba, aka cire batir, ba a tayar da ita ba sai da aka zubar da mai aka busar da komai, tana iya yin shekaru. Tsofaffin motoci masu ƙarancin lantarki, irin Golf ɗin da ke haya, sun fi jurewa, kamar yadda Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna take gyaruwa a kowane ƙauye da sifana da filaya. Amma irin wannan sai wanda ya san mai motar, ya san inda take a daren, ya kuma saya da farashin motar ruwa, ba da farashin lafiyayya ba.

In an wuce batun ruwa, sauran binciken ba ya buƙatar ilimi mai zurfi, haƙuri yake so. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dukkan fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an kashe ta ne don kada ta tona asiri. Baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara ruwa ne ya gauraya da shi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi injin na shan mai ke nan. Ka bar ta tana aiki da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ka zuba wa allurar zafi ido, domin motar da ke zafi a watan Disamba ba za ta ga ƙarshen Afrilu ba a garin da zafi ke haura digiri 40. A leƙa salansa a ga ko “indomi” na nan, wato matatar hayaƙin nan da ake yankewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗar da ake sa kwamfutar bincike, kuma kuɗin wannan bincike bai kai na cika tanki ba. Bakaniken kuwa ya zama naka, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba, don wanda ke jiran la'ada ba ya ganin aibu.

Sai lissafi. A misali, lafiyayyar irin motar da kake dubawa naira miliyan 7 ce, wannan kuma an bar maka a miliyan 5 da rabi, bakanike ya ce gyara zai ci dubu 800. A takarda ka ci ribar dubu 700. To amma bakanike abin da ya gani ya ƙiyasta, kuma sai an kwance ake ganin sauran. Ka ƙara rabin abin da ya faɗa, ka ƙara kuɗin keken da za ka ci gaba da biya makonnin da take gareji, ka ga abin da ya rage. Ka kuma tambayi inda kayan suke. Na Corolla da Golf da Sharon ana samunsu a gari. Pontiac Vibe, ko da yake an daina ƙera ta, injinta na Toyota ne, don haka ba ta wahalar da mai ita. Amma akwai motocin da ƙaramin abu zai sa ka jira saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ya iso ya ƙi shiga, a mayar. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a sayen motar, bai bar na gyara ba, ya sayi abin da zai rufe da tamfol a ƙofar gida.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin naira. Motar da za ta riƙa zirga-zirga tsakanin Bulumkutu da Post Office, in ta mutu ka tura ta gefe ka tari keke. Wadda za ta hau hanyar Damaturu, ta bi Jakana da Mainok da Benisheikh, lamarinta daban. Mutanen garin nan ba su manta da daren 9 ga Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe aƙalla mutum 30 cikin matafiyan da dare ya riska a Auno bayan an rufe hanyar shiga gari. Direban da ke bin wannan hanya yana lissafi da rana, kuma awa biyu a gefen titi ana neman wayar da ta saki ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke mutuwa ba a san dalili ba, ban yarda a ɗora iyali a cikinta a nufi Damaturu ba, ko da kyauta aka bayar.

Takardu kuwa babu bakaniken da ke gyara su. Lambar shasin da ke jikin mota ta zo daidai da ta takardar kwastam da ta shaidar mallaka, harafi da harafi. A ga mai motar ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a kuma rubuta lahanin da aka faɗa a cikinta.

Wannan na ƙarshen yana kare mai sayarwa ma. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa wajibi ne mai kaya ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Hadisi ya zo cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Da na ga dattijon nan ya zaro hannunsa daga ƙarƙashin kafet, wannan ƙissar ce ta faɗo mini. Na san da yawa daga masu sayar da motocin nan su ma ambaliyar ta cinye su, suna neman abin da za su tayar da katangar gida ne. Ina tausaya musu ƙwarai. Amma mayar da asararka kan malamin makarantar da ya shekara huɗu yana adashi ba mafita ba ce. A faɗi gaskiya a rage kuɗi, akwai masu saye: bakanike da mai wayarin da za su iya da ita, ko masu kwancewa su sayar da kayan.

Abokina bai sayi Corollar ba. Bayan mako uku dattijon ya kira shi ya ga wata Vibe mai kwarzanannen fenti, shokazobar gaba duk biyu sun mutu, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki. Mai ita ya lissafo waɗannan da bakinsa kafin a tambaye shi. Aka ɗaga kafet, ƙura ce kawai. Suka je shago suka ji kuɗin kayan, aka cire daga farashi, ta kwana huɗu a gareji. Fentin har yanzu bai yi ba, ya ce sai bayan ya biya kuɗin makarantar yara.