Zango: Kalmar da Ta Sauka Ba Ta Tashi Ba

Idan kana cikin danfo a Legas ka ji kwandasta yana ƙwala "Sango! Sango!", kada ka ɗauka gunkin tsawar Yarabawa yake kira. Wancan Shango ne. Wannan kuwa kalmarmu ce, zango, ta faɗa bakin da babu "z" a cikinsa, aka lanƙwasa ta yadda harshe zai iya ɗauka. Haka ta zama Sango a Agege, da Sango Ota, da wata Sangon a Badun.

A bakin fatake kalmar ta girma. Ayari ya yini yana tafe, madugu na kula da kowa, jakuna sun gaji, rana ta yi sanyi. Inda aka sauke mangala, aka turke dabbobi, aka hura wuta aka ɗora tukunya, nan ne zango. Shi ya sa har gobe ake cewa "ya da zango", wato a sauka a huta kafin a ci gaba. Daga masaukin sai ma'anar ta miƙe ta rufe tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Bafatake ba ya auna hanya da mil. Zai ce maka garin nan zango uku ne daga nan.

Fataucin goro ne ya kai kalmar nesa. Masu zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, sun bar zanguna a bayansu, kuma a Ghana ana rubuta ta "zongo". Akwai ta a Kumasi, akwai Sabon Zongo a Accra, akwai ta a Kwatano da Lome. A 2017 har ma'aikata guda gwamnatin Ghana ta kafa da sunan raya zanguna. Agege ma goron ne: gonakinsa sun yalwata a kewayenta, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai 'yan kasuwar Arewa suka sami inda za su ɗaure huhun goro su loda a tasha.

Ta fuskar nahawu, zango namiji ne, duk da cewa sunayen garuruwa a Hausa mata ne. Muna cewa "Kano ta cika", amma "zango ya cika". Saboda haka "-n" yake ɗauka wajen haɗi: zangon Agege, Zangon Kataf, Zangon Daura. Jam'insa zanguna. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, da zarar kalmar ta zama sunan unguwa, sai ka ji baki ya karkata an ce "Zango ta canja". Ba kuskure ba ne, unguwar ake nufi.

Jakuna sun bar hanya, amma kalmar ta sami sabbin ayyuka. Ɗan makaranta yana da zangon karatu uku a shekara. Gwamna yana neman zango na biyu. Wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san tashoshin da ake kamawa a gajeren zango, kuma masu labarai kullum suna ambaton makami mai linzami mai cin dogon zango. Duka dai tsohon awon bafatake ne: daga nan zuwa inda za a tsaya.

A Agege ne kawai na ga ma'anar ta juya wa asalinta baya. Na zauna da wani dattijo a bakin rumfarsa, yana jiƙa ganye yana jera goro fari da ja. A unguwar aka haife shi, a nan ya aurar da 'ya'yansa, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Na tambaye shi yaushe zai koma gida. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce in an yi la'asar, ai bayan masallacin can ne.