Amar Akbar Anthony: Fim ɗin Indiya na 1977 da har yanzu bai tsufa ba

Shekaru sun ja tun da darakta Manmohan Desai ya fitar da Amar Akbar Anthony a 1977, amma har gobe fim ɗin na cikin waɗanda masoya finafinan Indiya a ƙasar Hausa ba sa gajiya da maimaitawa.

Labarin 'yan'uwa uku ne da ƙaddara ta raba tun suna ƙanana a birnin Bombay. Mahaifinsu Kishanlal, direban wani attajiri, ya bar su a wani lambu yana gudun masu neman ransa. Babban, Amar (Vinod Khanna), ya taso a hannun ɗan sanda mabiyin addinin Hindu. Anthony (Amitabh Bachchan) ya girma a hannun limamin coci, ƙaraminsu Akbar (Rishi Kapoor) kuwa wani tela Musulmi ne ya riƙe shi har ya zama mawaƙi. Tun a farkon fim, samarin uku suka ba wata makauniya gudummawar jini a asibiti, babu wanda ya san mahaifiyarsu ce.

Nauyin wannan labari bai hana dariya ba. Wanda ya kalla ba ya manta Anthony cikin maye yana yi wa kansa faɗa a madubi, har da manna wa madubin filasta a inda ya ga rauni. Rawar da ya taka ta ba Bachchan kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi. Kiɗan na Laxmikant da Pyarelal ne, kuma a waƙa guda an haɗa muryoyin Mohammed Rafi, Kishore Kumar, Mukesh da Lata Mangeshkar.

Hausawa sun karɓi finafinan Indiya tun zamanin gidajen sinima saboda sun ga abin da suka sani a ciki: biyayya ga uwa, kunya, auren dole da rikicin talaka da mai kuɗi. Daga nan Kannywood ta ari salon rawa da waƙa, salon da har yau ake muhawara a kansa. Su ma masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa wannan tsohuwar ƙauna suke ci gaba da ciyarwa.

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke neman kuɗi a Libiya, Aljeriya ko Legas, labarin uwa da ke jiran 'ya'yan da suka watse ba baƙo ba ne. Haka ma saƙon zaman tare: 'yan'uwan sun gane juna, kowa ya ci gaba da riƙe addininsa, gidan bai rushe ba.

Sai dai fim ɗin ya kai awa uku, matasa kuwa sun saba da guntayen bidiyo na TikTok. Wanda ya tsaya a guntun madubi zai yi dariya, amma ba zai san dalilin da ya sa iyayensa suke share hawaye a wurin da uwar ta gane 'ya'yanta ba.